Rigar Sanyin Baba

Mai karatu, in kana da rigar ulu, saurara. Baba, Allah ya jiƙansa, ya bar mini tasa, ta gashin tumakin merino. Da ita yake fita Asuba in hunturun Daura ya kaɗo daga Kwangwalam. Shekara 20 Inna na kula da ita: ruwan sanyi, ba murɗawa, a shimfiɗa a inuwa, a ninke cikin adaka da kafur saboda asu.

Ni kuwa, don gwaninta, na cuɗe ta da ruwan zafi. Wallahi ta tsuke, ko ɗana ba za ta yi wa ba! Ashe ulu in ya cure ba ya warwarewa.

Inna ta daɗe tana shafa ta, ta ce, "Mayar da ita adaka." Don Allah, taka kam, ka bar ruwan ya huce.