Yaron Da Ya Duba Kafin Ya Tara

A shekarar 1777 aka haifi Karl Gaus a birnin Braunschweig, cikin ƙasar Jamus. Iyayensa talakawa ne, ba su da abin hannu. Da ya yi wayo aka sa shi wata ƙaramar makaranta, inda yara ke yin lissafi a kan allo.

Ana ba da labari cewa wata rana malaminsu ya ce su tara lambobi tun daga 1 har zuwa 100. Nan da nan yara suka sunkuya, 1 da 2 ya zama 3, a ƙara 3 ya zama 6, haka suka yi ta fama. Shi kuwa Gaus sai ya tsaya ya dubi lambobin tukuna. Ya lura in aka haɗa ta fari da ta ƙarshe, wato 1 da 100, za a sami 101. Haka 2 da 99, haka 3 da 98, har a kai ga 50 da 51. Ashe 101 ne sau 50. Ya rubuta 5050, ya ajiye allonsa gaban malam. Sauran yara suka daɗe suna gumi, da yawansu kuma suka ɓata a hanya, gama doguwar tarawa ba ta rasa kuskure.

Da malamin ya tsawata masa don ya bar hanyar da aka saba, da wataƙila yaron ya daina tunani, ya koma bin sahu. Amma sai ya samo masa littafin lissafi mai zurfi. Daga baya sarkin ƙasar ya ɗauki nauyin karatunsa. Gaus ya rasu a 1855, yana cikin manyan masana lissafi na duniya.

To, malamin kirki yakan bar almajiri ya fahimci tambaya kafin ya ɗauki alli. In ta yi wuya, sai ya ce a gwada da ƙaramarta. Daga 1 zuwa 10, alal misali, 11 ne sau 5, wato 55, kuma kowane yaro yana iya tarawa ɗaya bayan ɗaya ya ga ko haka ne. In an ba da amsa, sai ya tambaya, "Ta yaya ka samo ta?" Yaron da ya haddace hanya ɗaya tak, ran da aka sauya tambaya sai ya rikice. Wanda ya san dalili kuwa yakan nemo wata hanyar da kansa. Hankali ke gani, ido gululu ne.