Gidajen da Ke Shaƙar Iska ta Gindin Bango

A tsofaffin unguwannin Sheffield, a arewacin Ingila, gidajen jan bulo suna jere manne da juna, da yawansu tun zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta rasu a 1901. Duk wanda ya sunkuya ya dubi gindin bango zai ga wani bulo mai huji-huji jefi-jefi. Ba ado ba ne. Daɓen waɗannan gidaje katako ne da aka ɗora a kan sanduna, da sarari a ƙarƙashinsa. Iska tana shiga ta gaban gida, ta ratsa ƙarƙashin daɓen, ta fita ta baya, ta kwashe laimar da ƙasa ke fitarwa. Dabarar mai rumbu ce, wanda ke ɗora shi a kan duwatsu don kada danshi ya taɓa hatsi.

Mai masaukina, da ke zaune a ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje, yana ƙara ɗakin gilashi a bayan gidansa, irin wanda Turawa ke zama a ciki su sha hantsi ko da ana sanyi a waje. Daɓen sabon ɗakin kankare ne, kuma zai rufe hujojin bangon baya. A nan maginin ya burge ni. Kafin ya zuba kankare, sai da ya shimfiɗa bututun roba daga kowane tsohon huji, ya bi da shi ƙarƙashin sabon daɓen har zuwa sabon bango, ya sa masa wani bulon mai huji a baki. Ƙa'idar gini ta Ingila ta ce faɗin irin wannan bututu kada ya gaza milimita 100, kuma hujojin su kasance a bango biyu masu fuskantar juna.

Na tambayi mai gidan ko jami'an ƙaramar hukuma za su zo dubawa. Ya yi dariya. "Malam, ɗakin bai kai murabba'in mita 30 ba, kuma akwai ƙofa tsakaninsa da cikin gida. Ba mai zuwa."

Ke nan aikin da za a binne, ba wanda zai sake ganinsa, shi maginin ya fi ba wa lokaci. Dalilinsa a fili yake: in iska ta tsaya, laimar katako ta haura kashi 20 cikin 100, sai wata irin funfuna ta kama shi, ta cinye shi a ɓoye har ya riƙa marmashewa a hannu. Gyaran kuwa sau da yawa sai an ɗaga daɓen falo, kuma masu binciken gida kafin ciniki sukan duba hujojin nan tun daga waje.