Hasken da Ke Shiga Zaure

Daminar shekara ta 2024 ta bar tabo a Damagaram. A watan Satumba ruwa ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni, wanda aka gina tun ƙarni na 19, kuma gidajen ƙasa da dama sun bi bayansa. Cikinsu har da zauren wani gida, inda kakan gidan ya yi shekaru yana karantar da almajirai. Da ruwa ya ɗauke sai dangi suka rabu biyu. Baffa, wanda kuɗin aikin za su fito daga aljihunsa, yana son a tada bulo da siminti, a rufa da kwano, a buɗe babbar taga. Hajiya, tsohuwar gidan, tana son a mai da tubali da azara da daurin guga kamar yadda suke a da. Aka sa ranar Juma'a bayan la'asar don a yanke magana.

Jikan Hajiya, wanda ya karanci zanen gine-gine a Yamai, ya ɗauki alkawarin nuna musu zaurukan biyu a kwamfuta tun kafin a kwaɓa ƙasa. Ya auna kufan, ya tambayi tsohon maginin unguwa kaurin bango da tsayin rufi, sannan ya tada ginin a cikin Blender. Wannan manhaja ce ta kyauta da Ton Roosendaal ya ƙirƙira a Holanda, wadda masu son ta suka tara yuro 100,000 a shekara ta 2002 aka sake ta ga kowa. Cikin kwana biyu siffa ta tsaya. Saura haske, domin gini a cikin na'ura lissafi ne kawai, ba ya da kama sai an wanke shi kamar yadda mai hoto ke wanke fim.

Injinan wanki biyu Blender ta ajiye masa. Na farko Cycles, wanda ya shigo a 2011. Na biyu Eevee, wanda ya zo a 2019. Ya fara da Eevee, don shi ke aiki irin na wasannin bidiyo: yana shimfiɗa siffofi a kan allo, ya auna inda rana ta bugi bango da inda inuwa ta faɗi, sauran kuma ya ƙiyasta. Kafin ƙiftawar ido hoto ya fito. Ya ɗauki kwamfutar ya kai wa Hajiya a tsakar gida.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce: "Maigida, ƙofar ita ce, dakalin ma shi ne. Amma wannan ɗakin ba a taɓa zama a cikinsa ba. Ina jan nan da ke hawa rufi da hantsi?"

Ya gane abin da take nufi. Zauren Hausa ba ya shan rana kai tsaye sai kaɗan. Hasken da ya shigo ta ƙofa yana sauka a daɓe, ya ɗauko launin jar ƙasa ya kai bango, daga bango ya hau cikin bakan gizo, har ya cika ɗakin da wani ja mai taushi da ba ya kashe ido. Masana a jami'ar Cornell ta Amurka sun nuna wannan a 1984 da wani akwati mai bangaye masu launi, inda launin bango ke malalowa kan abin da ke kusa da shi. Ko da yake tun 2024 Eevee yana iya bin irin wannan haske, yawanci abin da ke kan allo kaɗai yake bi. Wanda ya taso daga bayan mai kallo sai an riga an lissafa shi an ajiye masa, kuma matashin bai yi hakan ba.

Sai ya koma ga Cycles. Shi wannan yana bin tafarkin da James Kajiya ya shimfiɗa a 1986. Daga kowane ɗigo na hoton yana aika zaren haske cikin ɗakin. Zaren ya bugi bango, ya karkata wani gefe da ka, ya sake bugun wani, kuma a kowane zango ana duba ko haske na iso wurin. Akwai abin mamaki a nan. Kimanin shekara dubu da suka wuce, Ibn al-Haisam ya tabbatar a Alƙahira cewa haske ne ke shiga ido, ba daga ido yake fita ba. Na'ura kuwa ta juya tafiyar, tana farawa daga ido, saboda mafi yawan hasken rana ba ya taɓa isa wurin mai kallo, bin sawunsa duka ɓarnar lokaci ce.

Hoton farko ya fito kamar an watsa masa yashi. Dalili kuwa, a ɗaki mai ƙaramar taga zare kaɗan ne ke dacewa da hanyar waje, don haka wani ɗigo ya yi fari, maƙwabcinsa ya yi baƙi. Maganin shi ne a yawaita aike, amma lissafin ba ya da tausayi: in ana son yashin ya ragu da rabi, sai an ninka aiken sau huɗu. Daga 64 zuwa 256, daga 256 zuwa 1,024. Kwamfutar ta ɗau zafi, fankarta na kuka, batirin ya riga ya tsufa. Daren Laraba aka ɗauke wuta hoton yana tsakiya, ya koma farko. Akwai wata rariya a cikin Blender mai tace yashin, ya gwada ta a kan aike kaɗan. Ta share yashin, ta haɗa har da sawun hannun magini a jikin yaɓe, bangon ya koma sumul kamar roba.

A nan ne wani tunani ya zo masa. Zuciyarsa tana tare da Hajiya, ga lokaci ya ƙure. In ya wanke zauren ƙasa da Cycles, na siminti kuma da Eevee, ɗaya zai fito da rai, ɗayan a bushe, kuma babu wanda zai gane a cikin gidan. Baffa zai ɗauka siminti ne ya yi muni, alhali injin ne aka sauya. Matashin ya kwana yana juya abin. Wanda aka ba aikin nuna hoto a zaman dangi shaida ne, kuma ba a auna wa mutum biyu hatsi da tiya daban-daban.

Da safe ya raba wa injinan aiki. Da Eevee ya yi ta matsar da taga, yana ɗaga ta yana sauke ta, yana juya rana daga hantsi zuwa la'asar, kowane gwaji cikin daƙiƙa. Bai raina saurin ba, ya san da Eevee aka wanke Flow, fim ɗin ƙasar Latbiya da ya ci kyautar Oscar a 2025. Da ya gama nema sai ya miƙa wa Cycles zaurukan biyu: rana ɗaya, sa'a ɗaya, wurin tsayuwa ɗaya, aike 1,024 kowanne, rariya kuma sai a ƙarshe. Ya kai kwamfutar shagon wani abokinsa mai faifan hasken rana, suka yini suna jira.

Ranar Juma'a aka shimfiɗa tabarmi a gindin kufan. Zauren siminti ya fito fes, da haske mai yawa, har yara suka ce ya fi kama da ofis. Na ƙasa ya fito da duhunsa mai sanyi, ja yana kwance a cikin daurin guga. Hajiya ta kai yatsa kan allon, daidai inda buzun malam yake zama, ba ta ce kome ba.

Baffa ya duba duka biyun, ya ce: "Yaro, ka yi adalci. Amma hoton nan ba ya jin ruwan sama. Wa zai riƙa yaɓe duk shekara?"

Matashin ya amsa cewa wannan ba ya cikin abin da injin ya sani. Sai tsohon magini ya sa baki, ya ce a zuba harsashin dutse da siminti har gwiwa, a ɗora tubali a kai, a tsawaita indararo don ruwa ya faɗi nesa da gindin bango. Aka yi ta ciniki har kiran magariba, kuma a kan haka aka tashi. Taga dai an bar ta ƙarama, can sama kusa da rufi, inda take tun zamanin malam.