Katin Honus Wagner da Abin da Kasuwa Ke Aunawa

Idan shekaru suka ja, mutum yakan daina ɗaukar tsadar abu a matsayin shaidar darajarsa. Kasuwar tsofaffin katunan besbol a Amurka, wasan nan da ake dukan ƙwallo da kulki, ta isa hujja. Tsakanin 1909 da 1911 kamfanin American Tobacco ya riƙa cusa ƙananan katuna masu hoton 'yan wasa a cikin kwalin sigari don jawo masu saye. Ɗaya daga cikinsu, mai hoton Honus Wagner na ƙungiyar Pittsburgh Pirates, an sayar da shi dala miliyan 7.25 a 2022. Guntun kwali ne fa, ko tafin hannu bai cika ba.

Wagner kam ya isa a tuna da shi. An haife shi a 1874, ɗan baƙin Jamusawa a jihar Pennsylvania, ya shiga ramin haƙar kwal tun yana yaro. Sau takwas yana zama gwarzon masu dukan ƙwallo a gasar National League, ya kai Pirates ga kambun 1909 a kan Detroit, kuma yana cikin mutum biyar na farko da aka karrama a zauren gwarazan wasan a 1936. Sai dai ba wannan bajinta ake saye ba. Ɗan wasa Ty Cobb ya fi shi ƙuri'a a zaɓen 1936 ɗin, hotonsa na cikin jerin katunan nan, amma katunansa na yau da kullum ko ƙurar na Wagner ba sa hangowa. Abin da ya faru shi ne Wagner ya hana a buga hotonsa. Wasu sun ce ba ya son yara su sayi taba saboda shi, wasu sun ce a kan kuɗi aka saɓa. Ko ma dai mene ne, an tsayar da bugun, 'yan gomomi ne suka rage a duniya. Ƙaranci ake biya, ba gwaninta ba.

Za a ce ai katin ne ya raya sunansa, da babu shi wa zai ambaci mutumin da ya ajiye wasa tun 1917? Akwai gaskiya a nan, kuma ba na raina mai tara katuna don ƙaunar wasa. Da yawansu sun fi 'yan jarida sanin tarihi. Amma a duba abin da ake faɗa idan an ambaci sunan. Kwafin da ya fi shahara, wanda ɗan wasan hoki Wayne Gretzky da abokinsa suka saya dala 451,000 a 1991, an yi shekaru ana jayayya a kan gefunansa, har dillali Bill Mastro ya amsa a kotu a 2013 cewa ya datse su don katin ya yi kyan gani. Suna ya rayu, amma hirar ta koma ta almakashi, ba ta yadda mutumin ke cafke ƙwallo ba.

Waɗanda suka ɗauka tsufa kaɗai ke jawo kuɗi sun sha mamaki. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 kamfanoni suka buga katuna ba adadi, jama'a suka saya suka adana cikin leda suna jiran riba. Da yake kowa ya adana, yawancin katunan yau ko kuɗin ledar ba sa mayarwa. Katunan 1909 sun yi tsada ne saboda masu shan sigarin lokacin sun yar da su, yara kuma suka yi wasa da sauran har suka yage.