Kuɗin rake da tukunyar gidan manomi

Duk wanda ya saba bin hanyar Zariya zuwa Kano daga ƙarshen damina har cikin hunturu ya san motocin rake. Suna fitowa daga Maƙarfi da Kudan da Hunkuyi da Ikara a danƙare, suna rangaji saboda nauyin kaya, su nufi Kano da Abuja har da kudancin ƙasar nan. Mai kallo daga gefen titi zai ɗauka ƙauyukan da wannan dukiya ke fitowa sun yi ban-kwana da yunwa. Ni a irin waɗannan ƙauyuka na tashi, da kuɗin rake aka saya mini littattafan sakandare, don haka ba ni da bakin zagin rake. Amma na daɗe ina lura da wani abu da ya kamata a faɗe shi a fili: gidan da ya fi kowa rake a unguwa ba lallai ne ya fi kowa cin abinci mai kyau ba, kuma 'ya'yansa ba lallai ne su fi na maƙwabta ƙoshin lafiya ba.

Dalili na farko yana cikin halittar raken kansa. Gero yakan nuna cikin wata uku, wake ma haka ko ƙasa da haka, amma rake yakan riƙe gona wata goma zuwa goma sha biyu. Cikin wannan tsawon lokaci manomi ne ke ciyar da shi: taki, ban-ruwa, noma, ɓare ganye, gadi. Ba ya mayar da ko kwabo sai ranar sara. Ranar kuwa kuɗi yakan zo a dunƙule, irin wanda magidanci bai riƙe ba tun bara, kuma kafin ya iso an riga an yi masa layi. Ga bashin taki, ga auren 'ya, ga kwanon rufi, ga babur, wani lokacin ga ƙarin aure. Ba na raina ko ɗaya daga cikin waɗannan, yawancinsu larura ce. Sai dai ciki ba ya karɓar rabonsa sau ɗaya a shekara. Idan watan Yuli da Agusta suka kama, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai iso ba, kuma kwanon masara ya kai ƙololuwar tsada, mai rake yakan wayi gari da gona shar amma rumbu wayam. A nan ne dillali ke shigowa ya sayi raken tun yana tsaye a gona, a kan farashin da shi da manomin duk sun san bai kai ba. Na sha ganin dattijo ya sayar da wahalar shekara guda don ya sayi buhu biyu na masara da maganin zazzaɓin yara.

Dalili na biyu ya fi ɓoyuwa, kuma shi ya fi damuna. Rake ba ya son tudu, fadama yake so, wurin da ke riƙe laima har cikin rani. Wannan fadamar kuwa ita ce lambun gida tun kaka da kakanni. Daga cikinta ake samun alayyafo da kuɓewa da tumatir da albasa da kabewa da dankali a lokacin da ko'ina ya bushe. Idan rake ya cinye fadamar kaf, ba hatsi kaɗai gida ya rasa ba, miya ya rasa. Tuwo zai ci gaba da zuwa, amma da miyar kuka tsinkakkiya yau da gobe, babu wake, babu ganye ɗanye, babu ƙwai, nama sai da salla. Yaro zai ƙoshi, amma jikinsa ba zai ginu ba. Raken da yake sha a bakin gona kuwa ruwa ne da sukari, yana ba da kuzari na ɗan lokaci, amma ba shi da wani abin kirki na gina jiki.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a yankinmu. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Tsumburewa ba ta tsaya a gajarta ba, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar da aka yi daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu da wuya ta gyaru daga baya. A matsayina na malami, nakan tuna cewa ɗalibin da zai zauna a gabana nan da shekara ashirin, yanzu ne ake yanke masa rabonsa a cikin tukunyar uwarsa.

Wasu ƙasashen sun riga mu shiga wannan hanya. A shekarun 1980, wata mai bincike, Eileen Kennedy, da abokan aikinta sun bi gidajen ƙananan manoma a kudu maso yammacin Kenya da suka shiga noman rake don sayar wa kamfanin sukari. Sun tarar kuɗin shigar gidajen ya ƙaru ƙwarai, amma ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba a girman ƙananan yara ko yawan rashin lafiyarsu. Kuɗin ya shiga hannun maza a dunƙule, alhali cefane da rainon yara suna hannun mata, ga kuma cututtuka da rashin tsabtataccen ruwa da kuɗin rake bai taɓa ba. A yankin Busoga na Uganda ma an daɗe ana kokawa kan yadda rake ya mamaye gonakin abinci har manoma suka koma sayen abin da a da suke nomawa.

Na kawo waɗannan misalai ne saboda inda Najeriya ta dosa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na sukarin da muke sha daga waje ake shigo da shi ɗanye, akasari daga Brazil, a tace shi a nan. Tun 2012 gwamnati ta amince da babban tsarin bunƙasa sukari na ƙasa don rufe wannan giɓi, kuma akwai manyan gonaki a Numan da Sunti da Lafiagi da Bacita. Wani ginshiƙi na tsarin shi ne a jawo ƙananan manoman da ke kewaye su noma rake su sayar wa masana'anta. Raken masana'anta daban yake da raken sha na Maƙarfi, siriri ne mai tauri, ba a kai shi bakin kasuwa a yanka gaɓa-gaɓa. Mai sayensa ɗaya ne tak. Idan wannan mai saye ya yi jinkirin biya, ko ya durƙushe kamar yadda kamfanin Mumias na Kenya ya durƙushe da bashin manoma a kansa, manomi ba shi da inda zai kai kayansa, kuma ba zai iya dafa shi ba.

Ban ce a daina noman rake ba. Manomi ba wawa ba ne, ya yi lissafinsa ya ga kadada ɗaya ta rake ta fi ta dawa kawo kuɗi nesa ba kusa ba. Abin da nake nema shi ne a sa tukunyar gida cikin lissafin tun daga farko, kuma hanyar farko tana cikin gonar kanta. Rake yana jinkirin tashi. A wata uku zuwa huɗu na farko, kafin ganyensa ya rufe ƙasa, tsakanin kunya da kunya fili ne da ciyawa kawai ke mora. Wake mai saurin nuna, waken suya, gyaɗa, albasa ko alayyafo duk za su iya shiga su fita kafin inuwa ta kama su, dangin wake kuma su bar wa ƙasa ƙarfi. A Indiya wannan tsohuwar al'ada ce, kuma wasu manomanmu suna yi da kansu ba tare da kowa ya koya musu ba. Abin da ya rage shi ne cibiyoyi irin su ta Badeggi, wadda binciken rake ke cikin aikinta, da malaman gona na jihohi, su tantance irin da ya dace da tazarar da ta dace, su kai wa manomi cikin harshensa. Kan raken da ake sarewa a zubar kuwa abincin awaki da shanu ne a tsakiyar rani, kuma akuya mai nono a bayan ɗaki ta fi lacca goma kan abinci mai gina jiki.

Sai kuma sa'ar da muke da ita wadda ba mu cika amfani da ita ba: saran raken sha yana haɗuwa da kaka, lokacin da hatsi da wake suka fi araha. Wani ƙanen mahaifina yana da ƙa'ida, duk ranar da ya karɓi kuɗin rake ba ya kwana da su sai ya auni hatsin shekara da buhun wake, ya danƙa wa matansa mabuɗin. Ana yi masa dariya wai yana tsoron kuɗi, amma ban taɓa ganin dillali a ƙofar gidansa da damina ba. Ƙungiyoyin manoma za su iya mayar da wannan tsari na gama-gari, su sayi hatsi tare da kaka, su adana, su raba wa 'ya'yansu a watan Yuli. Masu dafa mazarƙwaila ma suna da wata dama, domin ita tana ajiyuwa, ana iya sayar da ita kaɗan-kaɗan maimakon a rabu da komai rana ɗaya.

Game da masana'antu kuwa, a rubuce ya kamata abin ya kasance. Duk yarjejeniyar da za a ƙulla da ƙaramin manomi ta fayyace cewa ba zai sa gonarsa duka a rake ba, za a bar kason abinci, kuma ba za a hana shi shuka wake a tsakanin kunyoyi ba. A raba biyan kuɗi kashi-kashi, wani kason ya faɗo a tsakiyar damina, a kuma rubuta sunayen mata a matsayin manoma masu asusun kansu, ba 'yan taya aiki ba. Hukumar bunƙasa sukari ta ƙasa tana ƙirga kadada da tan duk shekara. Ina so in ga ranar da rahotonta zai ƙunshi awon tsawo da nauyin yaran ƙauyukan da ke kewaye da Numan da Sunti, kafin shigowar rake da kuma shekara biyar bayan shigowarsa.