Maigida Ya Yi Shela, Yaransa Ba Su Ji Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in yi magana da masu kantuna na ƙasar Daura, da na sauran wurare in abin ya shafe su. Ni akawu ne, na daɗe ina riƙe wa wani mai sayar da atamfa da shadda littafinsa, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

A zamanin nan talla ta yi arha. Maigida yana kishingiɗe da dare sai ya ɗauki waya, ya sa hoton kaya a WhatsApp ko Facebook, ya ce ya yi rangwame saboda Sallar Gani. In yana da hali ya biya gidan rediyo a yi masa shela. Kafin gari ya waye mutanen Zango da Sandamu da Baure sun ji, har da na Magariya da Matamaye a ƙetaren iyaka. Waɗanda ba su ji ba su ne yaransa da ke tsaron kantin.

Na ga wannan a kantin wani maƙwabcinmu. Wani dattijo ya taso tun daga Baure, ya biya kuɗin mota, zai haɗa lefen ɗansa, don ya ji an ce wanda ya sayi turmi biyar za a rage masa. Yaron kanti ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ban san zancen ba, sai maigida ya zo." Maigida kuwa ya tafi sari Kantin Kwari a Kano, waya ba ta shiga. Dattijo ya zaci yaron so yake ya ci rarar, ya kira shi ɓarawo a gaban jama'a, ya kaɗe rigarsa ya tafi. Da maigida ya komo sai ya rufe yaron da faɗa, wai ya kore masa ciniki. To, jama'a, ina laifin yaron nan? Da ya rage ba da izini ba, in an zo lissafi da dare kuɗi bai cika ba, daga ɗan abin da ake ba shi za a cire. Ya riƙe amana, ya sha zagi sau biyu a yini guda.

Na tambayi waɗansu iyayen gida dalili. Suka ce wai in yaro ya san sirrin kasuwa, gobe sai ya buɗe nasa kanti kusa da naka. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya game da kuɗin sari, da wurin da ake samun bashi. Amma abin da ka biya kuɗi aka shelanta wa duniya, yaya zai zama sirri ga wanda ke tsaye bayan teburinka?

Magabata ba haka suka yi ba. Da jirgin ƙasa ya fara ɗaukar kaya daga Kano a 1912, fataken birni suka aika yaransu ƙauyuka da gishiri da tufafi, su jawo manoma ga gyaɗa. Yaron nan shi ne tallar, shi ne bakin maigida. Ba a tura shi sai ya san abin da zai faɗa da abin da zai alkawarta, don in ya yi ƙarya sunan ubangidansa ne ya ɓaci.

Mu nan bakin iyaka abin ya fi tsanani. Ran Lahadi, ranar kasuwar Mai'aduwa, baƙi daga Nijar sukan zo da sefa, canji kuwa ba ya kwana wuri guda. In maigida ya yi wa mutum alkawarin canji kaza ta waya, yaro bai sani ba, gardama ta tashi ke nan. Haka kuma a farkon 2023, da aka sake takardun naira 200 da 500 da 1,000 kuɗi ya ɓuya, na ga kantin da ya yi shelar ana karɓar biya ta banki, yaransa ko lambar asusun ba su sani ba.

Maganin ba ya cin ko anini. Kafin a buɗe ƙofa da safe, maigida ya tara yaransa ya ce, "Ga abin da na gaya wa mutane jiya, ga ranar da zai ƙare, ga iyakar abin da za ku rage in ba na nan." A rubuta a takarda, da boko ko da ajami, a manna inda kowa zai gani. Sa'an nan shi ma ya tambaye su wane zane mata suka nema aka rasa, domin su ne ke jin wannan, ba shi ba. A kantinmu yaro ne ya fara lura masu lefe sun koma neman leshi, tun maigidanmu yana shirin ƙaro atamfa.

Haza wasalam.

Naka,
Akawun Kanti, Daura.