Da Tsohuwar Zuma

Mu da muka tashi a Bagudo a farkon shekarun 2000, abin da muka sani a gidan gem shi ne ƙwallo da dambe. Ka biya, ka buga, in an cinye ka ka tashi na baya ya zauna. Amma cikin kayan gwanjon Kwatano da ke ratso iyakar Tsamiya, akan dace da wasan da ba ya ƙarewa a zama ɗaya, wanda za ka shiga rigar jarumi ka yi makonni kana bin labarinsa. Irinsa ne Final Fantasy VII, wanda kamfanin Square na Japan ya fitar a 1997 a kan faifai uku.

Namu da Faransanci ya zo. Wani abokinmu mai dangi a Segbana shi ne tafinta, ya fassara rabi ya ƙago rabi. Mutanen cikin wasan kuwa kamar an sassaƙo su da gatari, hannuwansu dunƙule ba yatsu. Duk abin da allon ya kasa nunawa, mu muka cike shi da kawunanmu. Shi ya sa ranar da Sephiroth ya kashe Aerith ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar janareta.

A 2020 aka sake gina wasan, kashi na biyu ya biyo a 2024. Birnin Midgar da muke ƙetarewa cikin 'yan sa'o'i ya zama wasa guda sukutum, fuskoki suka fito, muryoyi suka samu. Yawancinmu PlayStation 5 ta fi ƙarfin aljihunmu, a YouTube muke kallo, muna lissafin data. Duk da haka muna kallo, alhali mun san inda tsohon labarin ya dosa.

Ai haka tatsuniya take. Ba wanda ke zama gaban kaka don bai san Gizo zai yi ha'inci ba. Yadda za a faɗa yau ake jira. Mai sauraron ma ya canza. Da muna yara takobin Cloud muke gani. Yanzu da muka san farashin litar fetur, muka ga ambaliyar Kwara tana cinye gonakin shinkafa, sai muka lura labarin na kamfanin Shinra ne, mai tsotse ran ƙasa yana sayar da shi a matsayin wutar lantarki, talakawa na zaune ƙarƙashin birnin ko rana ba sa gani sosai.

'Yan wancan ɗaki mun watse: wani na Birnin Kebbi, wani na Legas, wani ya riga mu gidan gaskiya. Amma duk ranar da sabon kashi ya fito, wayoyin da suka shekara shiru sai su fara ƙara. Ƙannenmu da 'ya'yanmu kan leƙo su tambayi wace ce yarinyar nan mai sayar da furanni. Sai mu gyara zama, yanzu mu ne tafintoci.